Canza fambel ɗin tsohon injin Chevrolet 350 zuwa bel guda ɗaya

Malam kana tambaya ko za ka iya cire fambel uku na tsohon injin 350 ɗinka ka sa dogon bel ɗaya mai zagaye komai, eh ana yi sosai, mafi sauƙi ka samo birakit (ƙarafan da ke riƙe kayan da bel ke juyawa) da fuli (fayafayan da bel ke hawa kai) da tenshina (abin da ke tamke bel) gaba ɗaya daga fikof ɗin Chevrolet na 1988 zuwa 1995. Amma don Allah ka kula da famfon ruwa, a wannan tsarin bayan bel ne mai santsi yake juya shi, baya-baya yake juyawa kenan, in ka bar tsohon famfon, mota za ta riƙa zafi ruwa na tafasa a lagireto. Fanka ma sai ka canza, don ita ma baya-baya za ta juya tare da famfon. Sannan ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulolin ka tabbatar sun yi layi, in ba haka ba bel zai dinga ƙara yana cinye gefe.