Faifan bikinmu yana cijewa, wace manhaja zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da bidiyon bikin ƙanina da na sunan 'yata duk a waya, Hajiyarmu kuma ita sai a talabijin take son kallo, injin DVD gareta. Na sa an ɗora min wata manhaja a laftof na buga faifai, a kwamfuta lafiya lau yake yi amma a injin Hajiya sai ya dinga cijewa, ɗaya ma ƙin buɗewa yayi sam. Yanzu manhajar wai sai na biya da dala kafin ta cire tambarinta daga kan hoton. In na biya matsalar zata kau? Wacce ce mai aminci, kuma tsadarta fa? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya ya kuma basu zaman lafiya. Kar ki biya ko sisi tukunna, domin abinda kuɗin zai saya miki cire tambarin ne kawai, cijewar nan tana nan daram.

Wanda yaƙi buɗewa ina kyautata zaton kwafar bidiyon akayi aka zuba a faifai yadda ake zubawa a filash. Kwamfuta zata karanta, amma tsohon injin DVD sai an juya masa bidiyon zuwa tsarin bidiyon DVD da ake kira MPEG-2 an jera a jakar da ake kira VIDEO_TS. Ki saka faifan a laftof ki buɗe, in baki ga wannan jakar ba to nan gizo ke saƙar. Kuma wajen haɗawa ki zaɓi PAL, shine tsarin hoton talabijin na Najeriya, NTSC na su Amurka ne.

Cijewa kuwa yawanci laifin faifai ne da gaggawa, wlh mutane suna zagin manhaja a banza, an sayo faifai marar suna mai araha an buga da babban gudu irin 16x ana kuma wasu ayyukan a kwamfutar ga caji na neman ƙarewa, to ta yaya zai fito da kyau? Ki nemi DVD-R na kirki irin Verbatim, tsofaffin injina sun fi jituwa da shi akan DVD+R, ki sauke gudun zuwa 4x ko 8x, laftof na jone da wuta, kar ki taɓa komai sai ta gama. Faifai ɗaya 4.7GB ne, kusan awa 2 yake ɗauka da hoto mai kyau, in kika cusa kamu da ɗaurin aure da dina har awa 4 fuskokin mutane zasu dagule. Gara ki raba biyu.

Maganar manhaja, ni DVDStyler nake cewa a fara da ita, kyauta ce, bata manna tambari, tana aiki a Windows da Mac, zaki sa hoton amarya da ango a shafin farko ki rubuta suna ki raba wurare yadda Hajiya zata tsallaka da rimot. Akwai ImgBurn ma kyauta, ita bugawa kawai takeyi sannan ta duba ko faifan ya fita daidai, tun 2013 ba a sabunta ta ba amma har yau tana aiki. Wata kuma mai suna DVD Flick an daina sabunta ta tun 2009. Na kuɗi akwai Nero ta Jamus da TMPGEnc Authoring Works ta Japan da kuma ConvertXtoDVD, suna da kyau, sun fi ado da sauƙin sarrafawa, sai dai da dala ake biya kuma wasu kamar Nero akwai tsarin biyan shekara shekara, to ki duba da kyau kafin ki saka katinki. Mai ɗaukar biki da yake buga faifai kullum shi ya dace ya saya, kuɗinsa zai fito. Ke da faifai uku zaki buga asara ce. Ki kuma sani manyan kamfanonin sun daɗe da juya wa harkar baya, Microsoft ta cire DVD Maker tun Windows 8, Apple ma ta bar iDVD.

Dan Allah kar ki yarda a saka miki manhajar sata wadda aka fasa, ta nan ake kwaso bairos, kuma laftof ɗin da hotunan iyalinki suke ciki ba wurin wasa bane.

Sai abu ɗaya da yafi damuna, kar ki goge na wayar don kin buga faifai. DVD rage ingancin hoto yake zuwa 720x576 alhali wayarki ta ɗauka fiye da haka, ga karcewa ga zafi yana lalata shi. Ki ajiye asalin a filash da kuma Google Drive. Ki leƙa injin Hajiya ma, in yana da kafar USB ki gwada da filash, wasu suna karantawa kai tsaye, in yaƙi sai ki koma kan faifan.