Ba filtar mai ke cinye maka riba ba

Wani mai sayar da hatsi daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa, ya rubuto ya ce: "Ina da babura uku ƙirar Boxer da na ba yara suna acaɓa, kowa yana kawo mini naira 3,000 a rana. Ɗan yayata ne ke kula da gyaransu. Cikin wata biyu ya karɓi kuɗin canja filtar mai sau biyar, ban da na wankin kafireta. Ya ce ta naira 500 ba ta da ƙarko, gara ta kamfani ta 2,000. Shin in shiga Kano in sayo dozin ɗin orijina? So nake kafin baɗi in kai babura goma."

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Zan zo kan filta, amma ba can ciwon yake ba. Na karanta wasiƙarka ban ga inda ka ce wane babur aka canja wa ba, ran yaushe, a wurin wane bakanike. Ba ka faɗa ba ne don ba ka sani ba. Sau biyar ɗin nan, babur ɗaya ne ya cinye su ko raba su suka yi? In ɗaya ne, tankinsa ya yi tsatsa. In duka ukun ne, man da yaran ke sha ne ba shi da kyau. In kuwa kuɗin kawai aka karɓa ba a canja komai ba, wannan kuma wani zance ne. Babu ko ɗaya a ciki da dozin ɗin orijina zai magance.

Ban ce yaron nan yana cutarka ba. Na ce ba ka da hanyar sani, kuma kai ka toshe ta da kanka, don kana jin nauyin ka tambaye shi kar uwarsa ta ji ta ce ba ka yarda da ɗanta ba. Kai da in ka je kasuwar Gujungu ran Lahadi ba ka biyan kuɗin buhun gero sai ka zura hannu ka ga na ƙasa, yaya za a yi ka riƙa miƙa kuɗin gyara ba ka ga abin da aka cire ba?

Na san wani bawan Allah a wajen Gumel mai babura huɗu, ƙanensa ke riƙe masa. Kusan kowane mako sai an ce an wanke kafireta an sa sabuwar filta. Wata Alhamis babur ɗaya ya mutu da lodi a hanyar kasuwar Maigatari, aka tura shi wurin baƙon bakanike. Yana duba tiyon mai ya ga babu filta sam, an cire ta an haɗa tiyon kai tsaye, ƙasan kafireta cike da jan gari na tsatsa. Kuɗin da suka salwanta ba su kai abin da ya biyo baya ba: har yau wa da ƙanen ba sa ga maciji.

To, filta. Iri uku ce a kasuwa, ba biyu ba. Akwai ta kamfanin babur ɗin. Akwai ta wani kamfani daban da ya buga sunansa a jiki bai ɓoye ba, kuma da yawa cikin irin wannan suna aiki lafiya. Sai jabu, wadda aka saka cikin kwalin kamfani ana sayar da ita da kuɗin orijina. Ita ce abar gudu, kuma wanda ya shiga Kano neman dozin ba tare da sanin ɗan tireda ba, ita aka fi ɗora masa. Duk filtar da za ka saya, ka riƙe ta a hannu ka ɗaga ta a rana. Robar ta zama mai kauri, mahaɗinta ba ya zubar da gam, takardar ciki a nannaɗe take daidai, kuma akwai kibiya mai nuna inda mai ke bi zuwa kafireta. Mara kyau takardarta ke ruɓewa ta bi mai ta toshe kafireta, ko robar ta tsage fetur ya riƙa ɗiga kan inji mai zafi. Wannan ba asarar naira 500 ba ce, gobara ce. Ni dai a kan bambancin 1,500, rabin kuɗin yini ɗaya, ta kamfani zan saya, guda uku kawai, a hannun wanda zan iya mayar masa da ita.

Amma ko wacce ka sa, ba za ta hana ruwa wucewa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yaran acaɓa lita ɗaya-ɗaya suke saye a hannun 'yan bumburutu, daga jarkar da ba wanda ya san abin da ke ƙasanta. Tanki kullum kusan wayam, raɓa na taruwa a ciki, tsatsa na ci. Ka lura kuma, yaro ke biyan kuɗin mai, kai ke biyan kuɗin gyara. Me zai hana shi sayen mafi araha? Ku zauna ku sake sharaɗi: a wanke tankunan sau ɗaya da kuɗinka, daga nan wankin kafireta ya koma wuyan mai tuƙi, kuma in dole sai na jarka, a tace shi da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari.

Ka sayi littafi, kowane babur da shafinsa: rana, abin da aka canja, kuɗi, sunan bakanike, da ranakun da babur ya kwana bai fita ba. Ba a biyan kuɗin sabon kaya sai tsohon ya zo hannunka. Ka faɗa wa ɗan yayarka wannan a gaban sauran yaran, a matsayin doka kan kowa, don kar ya ga shi kaɗai ake nufi.

Zancen babura goma kuwa ka ajiye shi. Uku ma ba ka san wanne ke kawo riba wanne ke cin ta ba. Ka cika littafin nan na wata uku, ka turo mini abin da ya nuna, sannan mu duba ko na huɗu ya dace.