Ruwan kuɓewa zai iya maye gurbin maganin suga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana na da ciwon suga, yana shan metformin. Ana ta yaɗawa a WhatsApp wai a yanka kuɓewa a jiƙa ta kwana, a sha ruwan da safe, suga zai warke. Har ya fara zancen ajiye ƙwayoyinsa. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada ya ajiye maganinsa. Kuɓewa abinci ce mai amfani, amma ba ta warkar da ciwon suga.

Akwai ƙanshin gaskiya a zancen, shi ya sa ya karɓu. Giram 100 na ɗanyar kuɓewa kalori 33 ne kawai, ga harza (wato fiber) kusan giram 3, ga bitamin C da K. Yauƙin nan nata yana rage saurin shigar suga cikin jini bayan an ci abinci. Sai dai yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan ɓeraye aka yi. Wani ma da aka yi a 2011 ya nuna ruwan kuɓewa ya rage wa ɓerayen shigar metformin cikin jini. Saboda haka kada ya kora ƙwayar da wannan ruwan. Kuma mai shan tsime, mafi yawan harzar na cikin ɓawo da 'ya'yan da ya zubar.

Gara ki yi masa miya. Ki goga ɗanyar kuɓewa ƙanana, ki zuba ta a ƙarshe bayan nama ko kifi ya nuna, minti biyar ki sauke. In ta gogu sosai za ta yi yauƙi ko babu kanwa, kuma kanwa da dogon tafasa na lalata bitamin C. Ki rage manja. Inda aka fi samun matsala shi ne malmalar: miyar kuɓewa na sa banku da tuwo su wuce ba a sani ba, alhali su ne ke ɗaga suga. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunsa ta isa, miya ta fi yawa.

Mai tsakuwar ƙoda ya sassauta cinta. Mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) kuma kada ya ƙara yawanta farat ɗaya sai da sanin likita, saboda bitamin K.

Ya riƙa gwada sugansa da safe kafin karin kumallo, yana rubutawa. In yana yawan haura 7 a ma'aunin mmol/L, ya kai wa likitansa takardar a duba yawan maganin.