Kwamfutoci takwas, MiFi ɗaya: yadda za ka hana APT shanye maka data

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta, na'urori takwas ne kuma duk Ubuntu 24.04 ke kansu, MiFi ɗaya muke rabawa. Datar da nake saya ta wata ba ta kai mako biyu. Wani abokina ya ce sabuntawar da kwamfutocin ke yi da kansu ce ke cinye ta, wai in kashe ta gaba ɗaya. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya gano inda ke ciwo, amma ina roƙonka kada ka sha maganin da ya ba ka. Yawancin abin da Ubuntu ke saukewa da kansa gyaran tsaro ne, kuma kwamfutar da ɗalibai ke soka wa filashi kala-kala kullum ita ce ta fi kowace buƙatarsa. Asarar da kake yi daga wani wuri take: fayil ɗaya ake saukewa sau takwas, kai kuma kana biyan kuɗinsa sau takwas.

Manhajar da ke kula da saukewa da girka manhajoji a Ubuntu da Debian sunanta APT. Saitunanta suna zaune a foldar /etc/apt/apt.conf.d/, kuma idan ka leƙa za ka ga sunayen fayilolin sun fara da lamba, irin su 20auto-upgrades da 50unattended-upgrades. Lambar tana da aiki. APT na karanta su bi da bi daga ƙarama zuwa babba, kuma maganar wanda aka karanta daga baya ita ke tsayawa. Shi ya sa na fi son mutum ya bar fayilolin da ya tarar yadda suke, ya buɗe nasa sabo mai babbar lamba, misali 99cibiya. Ran da wani abu ya rikice, goge fayil ɗaya kawai zai yi komai ya koma daidai.

Ga abin da zai fi rage maka kashe kuɗi. Zaɓi kwamfuta ɗaya wadda ba a cika kashewa ba, ka girka mata apt-cacher-ng. Daga nan ta zama rumbun sauran: duk ƙunshin manhajar da wata ta nema, ita za ta ɗebo shi daga intanet sau ɗaya ta adana, in ta biyu ta zo nema sai ta miƙa mata daga ajiya ba tare da an taɓa data ba. Tana sauraro ta ƙofa mai lamba 3142. A cikin 99cibiya na kowace kwamfuta sai ka rubuta layi biyu, kana sauya adireshin da na kwamfutar da ka mai da rumbu:

Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";
Acquire::https::Proxy "DIRECT";

Layi na biyu yana da muhimmanci. Rumbun ba ya iya adana abin da ya zo a kulle ta https, don haka ma'ajiyoyin waje masu amfani da shi gara a bar su su wuce kai tsaye, in ba haka ba za su riƙa ba ka kuskure. Ma'ajiyar Ubuntu kanta ta http take zuwa, kuma kada wannan ya tayar maka da hankali, domin APT na duba sa hannun da ke kan jerin ƙunsoshin kafin ta yarda ta girka komai.

Abu biyu ne ke kayar da mutane a nan. Na farko alamar ; da ke ƙarshen layi. Na taɓa zuwa wani wuri na tarar an yi kwana uku ana zargin kamfanin layi, alhali alamar nan kaɗai aka manta, APT kuwa ta ƙi motsi sai ƙorafin kuskuren rubutu take. Da zarar ka adana fayil, buga apt-config dump ka nemi saitinka a ciki; in ya fito, an karanta shi. Na biyu adireshin rumbun. MiFi na iya sauya wa kwamfuta adireshi bayan an ɗauke wuta an dawo, sai sauran bakwai su yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Ka kafe mata adireshi ɗaya tun ranar farko.

Sai yawan leƙawa. A 20auto-upgrades akwai layuka biyu da suka ƙare da "1", wato kowace rana. Lambar kwanaki take nufi, sifili kuma kashewa ne. Kana iya kwafo su cikin fayil ɗinka ka mai da su 3. Ni dai ba zan wuce 7 ba.

Za ka ji wasu na cewa a sa APT::Install-Recommends "false"; don a daina jawo ƙarin ƙunsoshi. Yana rage data, gaskiya ne, amma a kwamfutar ɗalibai yakan bar manhaja da gurguwar ƙafa, a buɗe ta a tarar wani sashe ba ya aiki. Ka bar shi.

Akwai kuma wata ɓaraka da APT ba ta da iko a kanta. Tun daga Ubuntu 22.04, Firefox ta hanyar snap yake zuwa, wato wani tsarin girka manhajoji daban da APT, shi kuma snap sau huɗu a rana yake duba sabuntawa, kuma ba ya bi ta rumbunka. Shiga saitin Wi-Fi na kowace na'ura ka nuna cewa layin na awo ne (metered, wato datarsa tana da iyaka), sannan ka buga sudo snap set system refresh.metered=hold. Amma ka sani, unattended-upgrades, mai girka sabuntawar APT da kansa, shi ma yana ja da baya idan ya ga layin awo, don haka in ka bi wannan hanya, ka ware rana ɗaya a mako, ko da Asabar da safe kafin ɗalibai su iso, ka bi su da sudo apt update, sudo apt upgrade da sudo snap refresh da hannunka. Fara da kwamfutar rumbun, ka jira ta gama, sannan sauran bakwai.