Tambaya da Amsa: Ina son yin bincike kan son kai a wuraren aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na karanci harkar gudanarwa a Jami'ar Jos, kuma bayan bautar ƙasa na yi aiki a wani kamfani, inda aka sa ni rubuta makin waɗanda suka zo ganawar ɗaukar ma'aikata. Da idona na ga an ture wadda ta fi kowa maki saboda wata 'yar takarda da aka aiko daga sama, kuma masu yin hakan mutane ne da nake ganin girmansu. Tun daga wannan rana nake burin zama malamar jami'a mai bincike kan ɗa'a da son kai a ma'aikatu. Shin akwai wannan fanni, kuma ta ina zan fara? 'Yarku daga Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Fannin yana nan, sai dai da wuya ki same shi a matsayin sashe mai zaman kansa, domin ana shigarsa ne ta ƙofar gudanarwa, ko ilimin halayyar ɗan Adam, ko tattalin arziki. Hanyar kuwa sananniya ce: digiri na biyu, sannan na uku, kuma idan kika samu gurbin koyarwa a jami'ar gwamnati, asusun TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, yakan ɗauki nauyin ƙaro karatun malamai.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne dabarar gano gaskiya, domin kowa a Farin Gada ko Taminus zai iya faɗa miki cewa sai da sanayya ake samun aiki, amma mai bincike hujja ake nema a hannunsa. Ɗalibai da yawa takardar tambayoyi kawai suke rabawa, alhali babu manajan da zai rubuta da hannunsa cewa yana fifita ɗan garinsu, kuma wani ma bai san yana yi ba, kamar yadda wataƙila dattawan da kika gani alfarma suka ɗauki abin, ba zalunci ba. A 2004, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun wallafa wani bincike a Amurka, inda suka aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu tallan guraben aiki a Boston da Shikago, suka riƙa sanya wa takardun sunayen farar fata ko na baƙar fata ba tare da la'akari da cancanta ba. Kiran ganawa da masu sunayen farar fata suka samu ya zarce na sauran da kimanin kashi 50 cikin 100. Ba su tambayi kowa ra'ayinsa ba, aikinsa suka auna. Saboda haka ki dage da koyon lissafin ƙididdiga, ko da ba ya miki daɗi.

A nan gida tambayoyin suna jiran mai ɗauka. Sashe na 14(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta raba muƙaman gwamnatin tarayya ta yadda wani yanki ko ƙabila ba za su mamaye ba, kuma tun 1996 akwai hukumar da ke sa ido a kan haka. Shin tsarin yana rage son kai ne, ko yana mayar da shi hannun masu ba da takardar shaidar asali? Ke 'yar Jos ba sai an yi miki bayanin nauyin wannan takarda ba. Cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa (NIPSS) da ke Kuru, wadda aka kafa a 1979, tana tara manyan jami'an da suka san yadda ake yanke irin waɗannan hukunce-hukunce, kuma ga ta kusa da ke.

Ki kuma kiyaye amana: ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ki ɓoye sunan duk magatakardan da ya buɗe miki ciki, domin abincinsa ne a kan faifai, sannan ki auna mutanenki da mudun da kika auna wasu. Kafin ki sayi fom, ki karanta maƙalun da malaman sashen suka wallafa, ki nemi wanda ya taɓa shiga ma'aikata ya tattaro bayanai da kansa, ki roƙe shi ya duba aikinki.