Enzayim da ruwan dagwalo: tambayoyin masu karatu

Tambaya: Ina kula da tankin tace ruwan dagwalo a wata ƙaramar masana'antar rinin yadi. Na gwada enzayim ɗin lakkas a kwalba, launi ya gushe cikin 'yan sa'o'i. Da na zuba shi a tanki, ko gezau. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, mafi yawan zato laifin na ruwan ne. Lakkas enzayim ne, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai, wanda wasu nau'o'in naman kaza masu ruɓar da itace ke fitarwa, irin su Trametes versicolor. A cikinsa akwai ƙwayar zarra huɗu ta jan ƙarfe, da su yake zare lantarki daga jikin rini ya miƙa wa iskar oksijin, ita kuma oksijin ta koma ruwa. Wannan aiki yana da sharuɗɗa, kuma ruwan da ya fito daga tukunyar rini yakan karya kusan dukkansu.

Fara da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Lakkas na naman kaza ya fi ƙarfi a ruwa mai ɗan tsami, tsakanin 4 da 6, alhali ruwan rinin auduga yakan kai 10 ko 11 saboda sodar da ake zubawa. A nan enzayim ɗin kwanciya yake yi. Sai gishiri: ana zuba shi da yawa don rini ya kama zare, shi kuwa kulorayid ɗin gishiri toshe jan ƙarfen nan yake yi. Ga kuma zafi. Ruwan da ya fito yana tururi zai dafa furotin ɗin kamar yadda ƙwai ke daskarewa a tafasasshen ruwa, kuma ba ya farfaɗowa.

Don haka a tara ruwan a tankin daidaitawa ya huce zuwa digiri 30 ko 40. A sauke pH zuwa wajen 5 da asid, kaɗan-kaɗan, ana juyawa ana aunawa. A tace zare da laka. A sa injin hura iska, domin kwalbar da ka girgiza ta sami oksijin, ƙasan tanki mai zurfi kuwa bai samu ba. Idan kuna wanke yadi da bilic, kada ruwansa ya haɗu da wannan, zai kashe enzayim nan take. Sannan ka maimaita gwajin kwalba da ainihin ruwan tankin, ba rini da ka dama a ruwa mai tsabta ba. Ka jera kwalabe biyar da adadin enzayim daban-daban, ka ƙara ta shida da enzayim ɗin da ka tafasa. In launi ya ragu a ta shidan ma, to rinin mannewa ya yi a jikin wani abu, ba a farfasa shi ba.

Akwai rinin da ƙwayarsa ta yi wa lakkas girma. Irin wannan sai an ƙara ɗan aike, wato ƙaramin sinadari kamar siringaldehayid, wanda enzayim zai fara taɓawa shi kuma ya kai wa rinin hari. Yana aiki, amma yana ƙara tsada, kuma wasu 'yan aiken da ake haɗawa a masana'anta suna da tasu gubar.

Tambaya: Enzayim na bin ruwa ya tafi bayan amfani ɗaya. Akwai dabarar riƙe shi?

Amsa: Akwai. Mafi sauƙi ita ce kulle shi a ƙwallayen aljinet, wani sinadari mai kauri da ake samu daga ciyawar teku. A narkar da giram 2 zuwa 3 na sodiyam aljinet a ruwa mililita 100, a bari ya huce sarai kafin a gauraya enzayim. A ɗiga shi da sirinji cikin ruwan kalsiyam kulorayid mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. Kowane ɗigo na faɗawa zai dunƙule ya zama ƙwallo mai santsi kamar ƙwan kifi. A bar su a ciki kamar sa'a guda, a ɗauraye, a zuba a bututu ruwa ya riƙa ratsawa.

Kada ƙwallon ya wuce milimita 2 zuwa 3; in ya yi girma, rini ba ya isa tsakiyarsa. Ruwa mai fosfet yana janye kalsiyam ɗin, ƙwallayen su narke. Enzayim kuma yana zurarewa a hankali ta ƙananan ramuka, shi ya sa wasu ke ɗaure shi da sinadarin gulutaraldehayid, ko da yake hakan na rage masa kaifi.

Tambaya: In launi ya gushe, ruwan ya tsarkaka ke nan?

Amsa: A'a, kuma wannan kuskure ne mai haɗari. Yawancin rinin yadi na dangin azo ne, launinsu na rataye ne a kan mahaɗin naitirojin guda biyu. Bakteriya, a wurin da babu iska, suna tsinka wannan mahaɗi da enzayim ɗin azoridaktas. Ruwa ya yi garau, amma guntayen da suka rage, wato amin masu zobe, wasunsu na jawo ciwon daji. Dole ruwan ya wuce tanki na biyu mai hura iska inda wasu bakteriyar za su ƙarasa cinye su.

Ƙarafa masu guba kamar dalma da kuromiyam kuwa babu enzayim ɗin da zai farfasa su; sai an kwantar da su da sinadari an kwashe lakar. Kafin a saki ruwan, a auna COD, wato yawan oksijin da ake buƙata don farfasa dattin da ke cikin ruwa, a mashiga da mafita, a kuma yi gwajin guba: a jiƙa irin latas guda ashirin da ruwan da aka tace, wasu ashirin da ruwa mai tsabta, bayan kwana biyar a gwada tsawon saiwoyinsu.