Saƙona Na Faɗawa Spam: Amsoshin Tambayoyinku Kan Imel ɗin Domen

Tambaya: Malam, na sayi domen (sunan shafi a intanet) mai .com.ng da masauki (wurin ajiye shafin), na buɗe adireshin imel a cPanel, allon da ake sarrafa masaukin. Ina aikawa lafiya lau, amma abin da aka turo mini ba ya shigowa. Daga mai shagon kayan gini, kasuwar Muda Lawal, Bauchi.

Amsa: Alhaji, matsalar daga MX ɗinka ne, wani layi a cikin DNS, wato rajistar da ke haɗa sunan domen da sabarsa (kwamfutar da ke riƙe da shafi da wasiƙu). Shi ke gaya wa duniya sabar da za a kai wa wasiƙunka. Shiga Zone Editor a cPanel ka tabbatar yana nuni da sunan sabar, ba lambar IP ba. In kuwa ka mayar da DNS ɗinka kamfanin Cloudflare, can za ka gyara, kuma gajimaren da ke gaban "mail" ya zama ruwan toka, ba ruwan lemo ba. Canjin kan ɗauki har awa 48 kafin ya karaɗe ko'ina.

Tambaya: Muna tura wa iyaye sakamakon jarrabawa da imel ɗin makaranta, amma duk Spam yake tafiya. Yaron da ya haɗa mana shafin ya ce matsalar netwok ce. Daga wata shugabar makaranta, Pantami, Gombe.

Amsa: Hajiya, netwok ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba. Ai saƙon ya isa, Gmail ne bai yarda ke kika aiko ba. Tun watan Fabrairun 2024 Google ya ce duk mai aikawa sai yana da SPF ko DKIM, mai tura wa masu Gmail saƙo 5,000 a rana kuma sai ya haɗa duka biyun da DMARC. Amma har yau masu haɗa shafi suna karɓar kuɗi su tafi ba su taɓa ko ɗaya ba.

SPF layi ne a cikin DNS, irin TXT (rubutu zalla), da ke lissafa sabobin da aka yarje wa aika wasiƙa da sunan domen ɗinki. Guda ɗaya tak ake yi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne in buɗe domen in tarar da biyu ko uku: na masauki daban, na Google daban, na manhajar makaranta daban, kamar ana tara layu. Da zarar sun zama biyu, duka sun lalace. A haɗe su wuri guda, misali v=spf1 a mx include:_spf.google.com ~all, kuma kada binciken DNS da ke cikinsa ya wuce 10. Wanda ya rubuta +all kuma, ya ba kowane ɗan damfara izinin sa hannu da sunan makarantarki.

DKIM shi ne hatimin da ake bugawa a kan kowane saƙo. A cPanel akwai Email Deliverability, a danna Repair. Sai dai maɓallin ba ya aiki in DNS ɗin yana wani wuri. Nan sai an kwafi dogon mabuɗin da hannu, ba tare da an yanke ko harafi ɗaya ba. DMARC kuma shi ke faɗin abin da za a yi da saƙon da bai tsallake SPF da DKIM ba. A ƙirƙiri TXT mai suna _dmarc, a fara da v=DMARC1; p=none, wato a sa ido kawai. Kada zumuɗi ya sa a fara da p=reject, wato a kore shi, ki wayi gari saƙonninki na halak ne ake korowa.

In an gama, ki tura wa Gmail ɗinki saƙo, ki buɗe Show original a kwamfuta. PASS uku nake son ki gani: na SPF, na DKIM da na DMARC. Kafin nan kada ki biya yaron cikon kuɗinsa.

Tambaya: Me zan sa a wayata ta Android imel ɗin ya yi aiki? Daga ɗalibi, Yalwa, Bauchi.

Amsa: A gurbin port, sa 993 ga IMAP (karɓar saƙo) da 465 ga SMTP (aikawa), duka da tsaron SSL. Sunan shiga cikakken adireshinka ne, har da abin da ke bayan @. Rabu da POP3, ɗayar hanyar karɓar saƙo, yana iya kwashe saƙonnin daga sabar.

Tambaya: Mun mayar da imel ɗin domen ɗinmu Google Workspace, wato Google ke riƙe da akwatinmu yanzu. Saƙon waje yana zuwa, na fom ɗin shafinmu ba ya zuwa. Daga wani asibiti mai zaman kansa, Gombe.

Amsa: Sabar masaukinku na ganin har yanzu ita ke riƙe da akwatin, sai ta ajiye saƙon a gida. Ku shiga Email Routing a cPanel, ku zaɓi Remote Mail Exchanger.